Idan na'ura ta ƙi karɓar rahoton likita: yadda ake gano matsalar manhajar DHIS2 a Tasawa da Mayahi

A ƙarshen kowane wata, majo na kowace cibiyar kiwon lafiya ta CSI a gundumomin Tasawa da Mayahi yana da wani aiki da marasa lafiya ba sa gani. Zai ɗauko manyan littattafan rajista, ya ƙirga yaran da aka yi wa allurar rigakafi, da matan da suka zo awon ciki, da waɗanda gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro, da yaran da aka karɓa saboda tamowa, da kuma magungunan da suka rage a ɗakin ajiya. Zai haɗa da rahotannin ƙananan gidajen likita na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, waɗanda aka fi sani da case de santé. Daga nan alƙaluman su shiga kwamfuta, su bi intanet, su isa idon likitocin gunduma, da na jiha a Maradi, da na ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai.

Wata rana kuma sai na'urar ta ƙi. Shafin ya fito fari fat, ko wata lamba kamar 502 ta bayyana, ko tabilet ta nuna jan tambari a gaban rahoton. Abin da aka fi ji a irin wannan lokaci shi ne "babu rezo" ko "injin ya lalace". Sau da yawa ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, kuma gaggawar gyara ba tare da gano tushen matsalar ba ita ce ke jawo asarar da ta fi matsalar kanta girma.

Maganar ta shafi kowa domin da waɗannan alƙaluma ake lissafin yawan maganin zazzaɓi da allurar rigakafi da abincin yara masu tamowa da za a aika wa kowace cibiya, kuma da su ake lura da ɓarkewar ƙyanda ko sanƙarau ko amai da gudawa. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500. Rahoton Korgom ko na Kanambakashe da ya maƙale a hanya yana nufin dubban mutane da ba a gani ba a lissafin wannan wata.

Mece ce DHIS2, kuma wa ke riƙe da ita?

DHIS2 manhaja ce ta tattarawa da nazarin alƙaluman kiwon lafiya. Tushenta ya faro ne a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, a ƙarƙashin wani shiri da ake kira HISP. Sigarta ta biyu, wadda ke aiki ta intanet, an fara amfani da ita a jihar Kerala ta ƙasar Indiya a 2006. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorancin ƙera ta, kuma yau ma'aikatun lafiya na ƙasashe sama da 70 suna aiki da ita, ciki har da Najeriya da Mali da Burkina Faso da Gana. Nijar ta ɗora tsarinta na bayanan kiwon lafiya, wato SNIS, a kan wannan manhaja tun 2017. Akwai kuma reshen HISP na yammaci da tsakiyar Afirka da ke birnin Lome na ƙasar Togo, wanda ke tallafa wa ƙasashen yankin da horo da gyare-gyare.

Manhajar kyauta ce, ba a sayen lasisi. Sai dai akwai bambanci babba tsakaninta da irin su Facebook ko WhatsApp. Idan WhatsApp ta samu matsala, injiniyoyin kamfanin ne a Amurka ke tashi tsaye, mai waya kuma ya jira. Ita DHIS2, kowace ƙasa ce ke girka tata a kan babbar kwamfutar ajiya da masu sana'ar ke kira sarba, ita ke zaɓar inda za ta ajiye ta, ita ke sabunta ta, ita ke gyara ta. Amfanin hakan shi ne bayanan marasa lafiya suna hannun ƙasar. Nauyinsa kuwa shi ne duk kuskuren da ya faru a wajen girkawa ko sabuntawa, ƴan ƙasa ne za su gano shi su warware. Haka abin yake ga ƙungiyoyi da kamfanonin da ke ajiye nasu manhajojin a gida, irin su ODK ta tattara bayanai a karkara ko Matomo ta ƙirga masu ziyartar shafin intanet.

Sassan da dole su jitu

Abin da ma'aikacin lafiya ke gani a matsayin manhaja ɗaya, a cikin sarba sassa ne da dama da ke dogaro da juna, kuma kowane sashe mutane daban ne suka ƙera shi.

Na farko shi ne rumbun bayanai mai suna PostgreSQL. A nan ake ajiye kowace lamba da aka taɓa shigarwa, da sunan kowace cibiya, da sunan kowane ma'aikaci mai izinin shiga. Yana da wani ƙari da ake kira PostGIS, wanda ke ba shi damar riƙe taswira, domin a iya nuna CSI ɗin Maijirgi ko ta Cake a inda take a doron ƙasa.

Na biyu shi ne Java, harshen da aka rubuta manhajar da shi, wanda dole a girka injinsa a kan sarba kafin komai ya motsa. Na uku shi ne Tomcat, wanda ke ɗaukar manhajar ya tayar da ita. Na huɗu shi ne mai gadin ƙofa, galibi Nginx ko Apache, wanda ke karɓar baƙi daga intanet ya miƙa buƙatarsu ciki, ya kuma riƙe takardar shaidar tsaro da ke sa ɗan kwaɗo ya bayyana a gefen adireshin shafin. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin fayil mai suna dhis.conf, inda ake rubuta sunan rumbun bayanai da kalmar sirrin buɗe shi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sigoginsa, tsofaffi da sababbi, kuma ba kowace siga ce ke zama lafiya da ƴar uwarta ba. Mafi yawan kurakuran girkawa da sabuntawa daga nan suke fitowa: an kawo sabon sashe an haɗa shi da tsohon da ba zai iya ɗaukarsa ba, ko an tsallake wani mataki a cikin jerin aikin.

Tambayar farko: a ina matsalar take?

Tsakanin teburin majo da rumbun bayanai akwai zango uku: na'urar da ke hannunsa, rezon da ke ɗaukar saƙo, da sarba. Kafin a taɓa komai, ana ware wanda ya gaza, kuma wannan aiki ne na minti biyar da ba ya buƙatar injiniya.

A fara da buɗe wani shafi daban a kan na'urar. Idan shi ma ya ƙi, maganar ta rezo ce ko ta ƙarewar kuɗin intanet. A gwada layin wani kamfani, tunda ƙauyen da Airtel ke da ƙarfi ba lalle ne Moov ko Zamani su kama a can ba, haka ma akasin haka. Idan sauran shafuka suna buɗewa amma DHIS2 ta ƙi, a gwada ta a wata na'urar. In ta buɗe a can, laifin na na'urar farko ne. In ta ƙi a duka biyun, a kira abokin aiki a wata cibiya. Idan mai shigar da bayanai a Tasawa da takwaransa na Mayahi duk suna ganin abu ɗaya a lokaci ɗaya, matsalar tana kan sarba, kuma babu abin da za a danna a CSI da zai gyara ta. Abin yi shi ne a sanar da gunduma, a kuma bar na'urar yadda take.

Lambobin da ke fitowa a shafi su ma suna da ma'ana. Lamba 502 na nufin mai gadin ƙofa yana nan, amma ya ƙwanƙwasa ciki ba a amsa ba, wato Tomcat ya tsaya ko bai gama tashi ba. Lamba 404 bayan sabuntawa galibi na nuna Tomcat yana aiki amma manhajar ta kasa tashi a cikinsa. Lamba 409 kuwa sarba ce ke cewa ta ji saƙon amma ta ƙi karɓarsa, saboda ya saɓa wa wata ƙa'ida da aka shimfiɗa.

Akwai wata ƙaramar matsala da ke ruɗar mutane da yawa. Idan batirin tabilet ya mutu ƙurmus ko aka daɗe ba a kunna kwamfuta ba, kwanan watanta na iya komawa baya. Na'urar da ke zaton tana wata shekara daban za ta ɗauka takardar shaidar tsaron sarba ba ta da inganci, sai ta ƙi haɗuwa. Gyara kwanan wata da agogo kaɗai ya wadatar. Idan kuma kwanan watan daidai yake amma gargaɗin tsaron ya fito wa kowa, to wa'adin takardar ne ya cika a kan sarba. Irin wadda ake samu kyauta daga Let's Encrypt kwana 90 take yi, kuma idan tsarin sabunta ta da kansa ya tsaya ba a lura ba, wata safiya ƙofar za ta rufe wa ƙasa baki ɗaya.

Rajistan da na'ura ke rubutawa

Kamar yadda CSI ke da rajista, sarba ma tana rubuta duk abin da ya same ta, layi bayan layi, da awa da minti. Fayilolin da aka fi dubawa su ne catalina.out na Tomcat da dhis.log na manhajar kanta. Da Turancin Ingilishi suke, abin da ke ƙara wa masu aiki da Faransanci wahala, amma kalmomin da ake nema ba su da yawa.

Ƙwararru kan nemi layin farko da kalmar ERROR ta bayyana bayan an tayar da manhajar, domin kuskure ɗaya yakan haifi ɗaruruwan layuka a bayansa, kuma waɗannan duk ƴaƴansa ne. Daga nan sai a bi ƙasa zuwa layi na ƙarshe da ya fara da Caused by, inda ake samun ainihin dalilin. Wanda ya fara karatu daga ƙarshen fayil yakan ɓata yini yana maganin alamar ciwo ya bar ciwon.

A ranar girkawa, kurakuran da aka fi cin karo da su sanannu ne. Manhajar na iya kasa gano inda dhis.conf yake, saboda ba a nuna mata babban fayil ɗin da ake kira DHIS2_HOME ba, ko an ajiye shi da izinin da Tomcat ba zai iya karantawa ba. Kalmar sirrin da aka rubuta a ciki na iya bambanta da ta rumbun bayanai da harafi ɗaya, sai rajista ta nuna an hana shiga. Ana iya manta PostGIS, wanda ya zama dole tun siga ta 2.30, ko wasu ƙari biyu, pg_trgm da btree_gin, da ake buƙata tun siga ta 2.38. Ana iya kuma ba wa Java ƙwaƙwalwar aiki kaɗan, sai manhajar ta tashi lafiya da safe, ta faɗi da rana lokacin da ma'aikata suka yi yawa a kanta, rajista kuma ta rubuta OutOfMemoryError.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gyara na ƴan mintuna ga wanda ya karanta rajista. Ga wanda bai karanta ba, maganinsa kullum ɗaya ne: ya goge komai ya sake girkawa, ya kuma sake faɗawa ramin da ya fito.

Sabuntawa: hanyar da ba a juyawa

Masu ƙera DHIS2 suna fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara: ta 40 a 2023, ta 41 a 2024, ta 42 a 2025. A tsakani suna fitar da ƙananan faci na toshe kurakurai da ƙofofin da ɓarayin intanet za su iya bi. Ba sa ci gaba da gyara tsofaffin sigogi har abada, saboda haka ƙasar da ta zauna a kan tsohuwa shekaru da yawa tana barin bayanan marasa lafiyarta cikin haɗari. Sabuntawa dole ce, tambayar ita ce yadda za a yi ta.

Tarko na farko shi ne na rashin jituwa. Siga ta 2.38 ta daina aiki da Java 8, tana neman Java 11. Siga ta 41 tana neman Java 17. Siga ta 42 kuma ta koma kan Tomcat 10. Wanda ya ɗora sabuwar manhaja a kan tsohon Java zai ga shafi ya ƙi buɗewa, a rajista kuma zai tarar da UnsupportedClassVersionError, wanda ma'anarsa kawai injin ya tsufa ga wannan kaya. Shi ya sa ake karanta takardar bayanin da ke rakiyar kowace siga, har da na sigogin da aka tsallake a tsakani, ba ta ƙarshe kaɗai ba.

Tarko na biyu ya fi haɗari. Daga siga ta 2.31, da zarar sabuwar manhaja ta tashi a karon farko, wani sashe nata mai suna Flyway yana shiga rumbun bayanai ya sake masa tsari: ya ƙara wasu ginshiƙai, ya canza wasu, ya cire wasu. Ba ya neman izini, kuma ba shi da hanyar komawa baya. Idan abin bai yi kyau ba aka mayar da tsohuwar manhaja, ba za ta gane rumbun ba, domin an riga an sauya masa fasali. Idan kuma aikin ya tsaya a tsakiya, saboda wuta ta ɗauke ko faifan ajiya ya cika, ko wani tsarin tambaya na musamman da ma'aikata suka gina a kan rumbun ya tare hanya, to wasu sauye-sauyen sun shiga wasu ba su shiga ba, sabuwa ba ta tashi, tsohuwa ma ba ta tashi.

Mafita ɗaya ce, kuma kafin a fara ake tanadinta: cikakken kwafin rumbun bayanai, wanda ake ɗauka da umarnin pg_dump, a ajiye shi a wata na'ura daban da sarbar. Manomin Mayahi ba ya zuba irin shukarsa a cikin hatsin da ake ci kullum, domin ya san ranar da zai neme shi. Kuma kamar yadda ake gwada iri a ga ko zai tsiro, kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi a wata na'ura ba, ba a san ko yana da rai ba sai ranar da aka matsu, ranar da sanin ba zai yi amfani ba.

Tsarin da masana suka yarda da shi a bayyane yake. A ɗauki kwafi. A ɗora shi a kan sarbar gwaji. A yi sabuntawar a can, a karanta rajista, a sa wasu ma'aikata daga gundumomi su gwada shigar da rahoto da fitar da alƙaluma. Idan komai ya tafi daidai, a sanar da jihohi da gundumomi rana da awa, a rufe ƙofar sarbar gaskiya, a sake ɗaukar sabon kwafi, sannan a maimaita matakan da aka riga aka gwada, ɗaya bayan ɗaya.

"Alƙaluman sun ɓace"

Washegarin sabuntawa, ƙarar da aka fi kai wa ofishin gunduma ita ce rahoton da aka shigar jiya ba ya fitowa a allon alƙaluma. Galibi babu abin da ya ɓace. DHIS2 tana ajiye bayanai a wuri biyu. Akwai inda ɗanyun lambobi ke sauka da zarar an shigar da su, akwai kuma teburan nazari, inda ake tattara su a jera ta wata-wata da gunduma-gunduma domin zane da taswira su fito da sauri. Teburan nazari ba sa cika da kansu nan take. Wani aiki ne ke gina su, wanda aka saba sa shi ya gudana da dare lokacin da ba kowa a kan sarba. Bayan babbar sabuntawa ana sake gina su daga tushe, kuma a rumbun ƙasa guda hakan na iya ɗaukar awoyi.

Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: a koma shafin shigar da bayanai, a zaɓi cibiyar da watan. Idan lambobin suna nan, rahoton ya isa, ginin teburan ake jira. Idan kwana biyu suka wuce allon bai motsa ba, to aikin daren yana faɗuwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka fi samu shi ne cikar faifan ajiya. Manhajar tana gina sababbin tebura a gefe kafin ta rushe tsofaffi, saboda haka tana buƙatar fili mai yawa na ɗan lokaci. Faifan da ya kusa cika zai iya ɗaukar aikin yini, amma ya gaza da dare.

Wata matsalar kuma ta manhajar shiga intanet ce, kamar Chrome ko Firefox. Tana ajiye guntayen tsohon shafi domin ta rage cin intanet, sai bayan sabuntawa ta haɗa tsoho da sabo, fom ya fito a karkace ko maɓalli ya ƙi dannuwa. DHIS2 tana da ƴar manhajar share wannan ajiya. Amma kafin a share, a tabbata babu rahoton da aka shigar lokacin da babu rezo wanda bai tafi ba tukuna, domin a cikin wannan ajiyar yake zaune.

Kuskuren da ya fi tsada

A inda ake aiki da tabilet ko waya, manhajar DHIS2 ta Android an ƙera ta ne domin wuraren da rezo ke zuwa yana tafiya. Ma'aikaci na iya shigar da bayanai kwana da kwanaki ba intanet, na'urar ta riƙe su, ranar da ta samu rezo ta aika. Kowane rahoto yana da ɗan tambari a gefensa da ke nuna ko ya tafi, ko yana jira, ko an ƙi karɓarsa.

A ɗauka wata ungozoma a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Urafan ta shigar da awon ciki na mako uku, ta shigo gari ranar kasuwa domin ta aika, sai tabilet ta nuna ja. Ta kai wa mai gyaran waya a bakin tasha. Shi kuma ya yi abin da ya saba yi wa kowace manhaja mai gardama: ya cire ta ya sake ɗorawa. Manhajar ta buɗe tsaf, jan tambari ya tafi, aikin mako uku ma ya tafi tare da shi, domin babu inda yake sai cikin wannan na'ura. Haka abin yake idan aka danna maɓallin share bayanan manhaja ko aka mayar da tabilet yadda ta fito daga kamfani.

Jan tambarin kuwa saƙo ne da ake iya karantawa. Idan aka taɓa shi yana faɗin dalili. Wataƙila an kulle watan saboda wa'adin shigar da rahoto ya wuce, sai gunduma ta nemi a buɗe. Wataƙila an ɗaga wani gidan likita zuwa matsayin CSI, ko an mayar da ma'aikaciyar wata cibiya, amma ba a gyara izininta a kan sarba ba. Wataƙila an sauya fom a sama, tabilet kuma ba ta sauko da sabon tsarin ba tukuna. Wataƙila manhajar da ke cikin tabilet ta tsufa ga sabuwar sarba, ko kuma ta sabunta kanta ta wuce sigar da ma'aikatar ta gwada. A duk waɗannan, bayanan suna nan lafiya muddin ba a goge ba. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a yar da rajistan takarda: idan ta ɓaci, daga gare shi ake sake shigarwa.

Wuta, zafi da zaɓen lokaci

Jihar Maradi tana samun kaso mai yawa na wutar lantarkinta ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa watan Maris na 2024, ofisoshi da gidaje sun ga abin da dogaro da layi ɗaya ke nufi. Ga mai kula da kwamfuta, darasin shi ne kada a fara girkawa ko sabuntawa sai da cikakken batiri, ko ondilar mai rai, ko faifan sola da aka tabbatar da shi. Fayil ɗin manhajar yana da nauyi, kuma idan rezo ya katse a tsakiyar saukowa, zai iya zama a faifai da sunansa daidai amma cikinsa guntu. Ana gwada girmansa da wanda aka rubuta a inda aka ɗauko shi kafin a yi amfani da shi.

Zafin watannin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana sa kwamfuta ta rage gudu ko ta kashe kanta, yana kuma kumbura batirin tabilet da aka bari a rana. Ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya na'ura. Kwamfutar da ke mutuwa ita kaɗai da azahar, mai yiwuwa shara take buƙata, ba sabuwar manhaja ba.

Kalanda ma tana da nata hukunci. Kwanakin farkon wata lokacin shigar da rahotanni ne. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma damina ce, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gidajen likita, ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafinsa, tamowa kuma ke ƙaruwa kafin sabon hatsi ya shigo. Sarbar da ta tsaya kwana uku a watan Fabarairu damuwa ce ta ofis. Wadda ta tsaya kwana uku a watan Satumba tana hana a ga cibiyar da maganinta ke ƙarewa. Babbar sabuntawa aikin rani ce, a tsakiyar wata.

Yadda ake kai ƙara

Saƙon "DHIS2 ba ta aiki" ba ya ba mai gyara abin kamawa. Ƙarar da ke saurin samun amsa tana ɗauke da abubuwa kaɗan: hoton allon da kuskuren ke kai, ranar da awar da abin ya faru, sunan cibiyar da fom ɗin da watan da ake shigarwa, irin na'urar da sigar manhajar, abin da ya sauya kafin matsalar ta fara, da kuma ko wasu cibiyoyi suna ganin irinta. Da awar kaɗai, mai kula da sarba zai iya zuwa daidai layin a cikin rajista. Idan hoton yana nuna sunan mara lafiya, a rufe shi kafin a tura a zauren WhatsApp, kalmar sirri kuma ba a tura ta ga kowa.

Hanyar a jere take: daga CSI zuwa mai kula da alƙaluma na gunduma, daga can zuwa sashen SPIS na hukumar lafiya ta jiha a Maradi, sannan zuwa sashen ƙididdiga na ma'aikatar a Yamai. Yana da kyau kowane ofishin gunduma ya ware ɗan littafi da za a riƙa rubuta kowace matsala da yadda aka warware ta, domin ma'aikata suna sauya wurin aiki, kuskuren da aka yi maganinsa bara kuma yakan dawo bana ya tarar da sabon mutum a kujerar.

Ga majo da ke zaune da tabilet mai jan tambari a ƙarshen wata, matakan su ne waɗannan: ya gwada wani shafi, ya duba kwanan wata, ya kira maƙwabciyar cibiya, ya taɓa tambarin ya karanta abin da ya ce, ya ɗauki hoto ya tura gunduma. Rajistansa na takarda ya zauna a kabad, tabilet kuma kada ta je hannun mai gyaran waya sai an tabbatar rahoton ƙarshe ya isa.